'Yar ruwa a katun: ruwa ko tudu?

Uwar Biyu: Jama'a, me ya sa 'yar ruwa a katun ɗin yara kullum zuciyarta a rabe take?

Mai Zane: Yaya, jikinta ma rabi mutum ne, rabi kifi. A The Little Mermaid na Disney, 1989, Ariel ta ba da muryarta don samun ƙafafu, wa'adin kwana 3. Matsalar: ta isa tudu, amma babu bakin faɗin ko ita wacece.

Malamin Firamare: Kashi na biyu na fim ɗin, wanda ya fito a 2000, ya fi burge ni. An gina katanga an hana Melody, 'yar Ariel, shiga teku, aka ɓoye mata asalinta. Ɓoyewar ce ta tura ta hannun mayya. A ƙarshe rusa katangar aka yi.

Uwar Biyu: Ashe! Na gode, Malam.