Wai sayar da ƙasar Falasɗinu aka yi, ko ƙwace ta aka yi?

Ɗan Bagalam ya rubuta:

Assalamu alaikum malamaina da yayyena na wannan zaure. Akwai gardamar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a fadodin shayi na Maradi tun da yaƙin Gaza ya ɓarke. Wasu na cewa Falasɗinawa da hannunsu suka sayar wa Yahudawa gonakinsu, yanzu kuma suka dawo suna kuka. Wasu na cewa ko taku ɗaya ba a saya ba, duk da bakin bindiga aka karɓa. Don Allah wanda ya san abin ya warware mana da shekaru da alƙaluma: nawa aka saya, nawa aka ƙwace, kuma ta wace hanya? Sannan mece ce "iyakar 1967" da kullum ake faɗa a rediyo?

Malam na Tibiri ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kowane ɓangare ya riƙe guntun gaskiya ya saki sauran. An yi ciniki, amma abin da aka saya bai taka kara ya karya ba idan aka gwada shi da abin da yaƙi da doka suka kawo daga baya.

Fara da girman wurin. Duk ƙasar da ake rigima a kanta, daga Kogin Jodan zuwa teku, murabba'in kilomita kusan dubu 27 ce. Jiharmu ta Maradi ta haura dubu 41. Ma'aunin gona a can shi ne dunam, dunam goma ke ba da hekta ɗaya.

Turkawan Daular Usmaniyya ne suka mulki wurin daga 1517 zuwa 1917. A 1858 suka kafa dokar filaye wadda ta ce kowa ya je ya rubuta gonarsa a ba shi takarda. Manomi kuwa ya san wanda sunansa ya shiga littafin hukuma, haraji zai same shi, kuma za a zo ɗaukar ɗansa soja. Sai da yawa suka ƙi zuwa, wasu suka bar attajirin birni ya rubuta ƙauye sukutum da sunansa. Manomi ya ci gaba da noma inda kakansa ya noma, takarda kuwa tana cikin akwatin wani a Bairut ko Dimashƙa. Duk wanda ya taɓa zama inda ake shari'ar gona gaban Cofo, hukumar filaye, ko a ƙofar hakimi ya san inda wannan ke kaiwa: aro ya daɗe har ya yi kama da gado, rana ɗaya mai takarda ya sayar.

Haka ta faru. Bayan taron ƴan Sahayoniyya (masu neman kafa wa Yahudawa ƙasa a Falasɗinu) na farko a Basel a 1897, an kafa asusun sayen ƙasa na Yahudawa a 1901. Ciniki mafi shahara shi ne na iyalan Sursuƙ na Bairut, waɗanda a farkon shekarun 1920 suka sayar da fiye da dunam dubu 200 a kwarin Marj Ibn Amir. A ƙa'idar asusun, ƙasar da ya saya ba a sake sayar da ita, kuma Bayahude ake so ya noma ta. Don haka manoman da ke zaune a kai sai tashi. A nan ƙiyayya ta fara tsiro, tun kafin a yi maganar kafa ƙasa. Kuma kar a ɓoye, akwai manyan Falasɗinawa da suka sayar, akwai ƙananan manoma da bashi ya ci suka sayar.

To amma lissafi: zuwa 1947, duk abin da ke hannun Yahudawa bai wuce kashi 6 zuwa 7 cikin 100 na ƙasar ba. Wannan ba ya nufin sauran duka gonakin Larabawa ne masu takarda. Kusan rabin ƙasar hamadar Naƙab ce, inda makiyaya Badawiyyai ke kiwo da ɗan noma, yawancinsu babu takarda, kamar yadda makiyayanmu ba su da takardar burtali.

Ingila ta karɓi wurin bayan yaƙin duniya na ɗaya, da alƙawarin Balfour na 2 ga Nuwamba 1917 a aljihunta, wato alƙawarin goyon bayan kafa wa Yahudawa mazauni a Falasɗinu. A ƙidayar 1922 Yahudawa kusan kashi 11 ne. Zuwa 1947 sun kai kusan kashi ɗaya cikin uku saboda ƙaura daga Turai. Ran 29 ga Nuwamba 1947 Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙuduri mai lamba 181 na raba ƙasar tsakanin Yahudawa da Larabawa, ƙuri'a 33 suka yarda, 13 suka ƙi, 10 suka ƙaurace. Ya ba ƙasar Yahudawa kusan kashi 55, ciki har da mafi yawan hamadar, ya ware Ƙudus ƙarƙashin kulawar duniya. Larabawa suka ce ba su yarda ba. Yaƙi ya tashi, aka ayyana Isra'ila ran 14 ga Mayu 1948, da aka tsagaita wuta a 1949 tana riƙe da kusan kashi 78. Falasɗinawa sama da dubu 700 suka gudu ko aka kore su, ƙauyuka fiye da 400 suka zama kufai. Ita ce Falasɗinawa ke kira Nakba, wato masifa.

Abin da ya mayar da gudun hijira ya zama asarar dindindin kuwa doka ce. A 1950 Isra'ila ta kafa dokar dukiyar waɗanda ba sa nan: duk wanda ya bar gidansa bayan 29 ga Nuwamba 1947 zuwa wurin da ke hannun abokan gaba, dukiyarsa ta koma hannun wani jami'in riƙo, shi kuma ya miƙa wa hukumar raya ƙasa. Har wanda ya gudu garin da ke kusa na ɗan lokaci ya dawo ya zama ɗan ƙasar Isra'ila, dokar ta hau kansa: yana nan, amma a takarda ba ya nan. Yau kusan kashi 93 na ƙasar Isra'ila na hannun gwamnati da hukumominta da wancan asusu.

Hajiya ta Mokoyo ta amsa:

Malam ya gama da 1948, bari in ɗauki tambayarka ta biyu, ɗana.

"Iyakar 1967" ba a 1967 aka ja ta ba. Layin tsagaita wuta ne na 1949, wanda ake kira Koren Layi. Bayansa akwai kashi 22 da suka rage: Yammacin Kogin Jodan da gabashin Ƙudus a hannun Jodan, Zirin Gaza a hannun Masar. A yaƙin kwana shida, 5 zuwa 10 ga Yunin 1967, Isra'ila ta kama su duka, ta haɗa da Sina'i da Tuddan Golan. Idan ka ji an ce a koma iyakar 1967, ana nufin yadda layin yake ran 4 ga Yuni. Gaza kuwa ɗan siriri ne, murabba'in kilomita 365, tsawonsa kilomita 41, wato kusan rabin hanyar Maradi zuwa Katsina, kuma mutum fiye da miliyan biyu ke ciki.

Ƙudurin Kwamitin Tsaro mai lamba 242 na Nuwambar 1967 ya ce a janye, a kuma zauna lafiya. Mu da muka yi lakkwal da Faransanci za mu gane inda gizo ke saƙa. Kwafin Faransanci ya ce "des territoires occupés", wanda ake karantawa da ma'anar yankunan da aka mamaye ɗin. Kwafin Ingilishi bai sa harafin da ke fayyace su ba, sai Isra'ila ta ce wasu yankuna ake nufi, ba duka ba. Fiye da shekara hamsin ana jayayya kan wannan.

Yanzu ga yadda ake karɓar fili a Yammacin Jodan, don mutane na zaton kullum da tankar yaƙi ake zuwa. Da farko soja kan ce yana buƙatar wurin don tsaro, daga baya a gina wa ƴan kama-wuri-zauna gidaje. A 1979 kotun ƙolin Isra'ila kanta ta taka wa wannan birki a shari'ar matsugunin Elon More. Sai aka koma ga tsohuwar dokar Turkawa ta 1858. A dokar, wanda ya noma gona shekara goma a jere ba tare da an yi masa jayayya ba ya samu haƙƙi a kanta, gonar da aka bari saura shekara uku kuwa tana iya komawa ga sarki. Sarki yanzu shi ne hukumar soja. A 1968 ta dakatar da rajistar filaye, alhali kusan kashi ɗaya cikin uku kawai aka rubuta. Matakan su ne: a duba hotunan da jirgin sama ya ɗauka, a ga tudu ko makiyaya da ba a noma, a ayyana shi filin gwamnati, a ba mai ƙorafi kwana 45 ya ɗaukaka ƙara gaban kwamitin soja. Shi ne zai kawo hujja, da kuɗin lauya da na mai awo. Takardar haraji ta zamanin Jodan ba ta isa hujjar mallaka ba. Sannan ga tarko: a rufe hanyar gona da shinge ko a hana mutum izinin shiga, shekaru su wuce bai noma ba, a ce ai saura ce. Shi ya sa za ka ga tsoho ya nace sai ya kai ga itatuwan zaitun ɗinsa ko da ba zai samu abin kirki ba.

Bayan yarjejeniyar Oslo ta 1993 tsakanin Isra'ila da Falasɗinawa, ta biyu ta 1995 ta kasa Yammacin Jodan uku. Yankin A, kusan kashi 18, birane ne a hannun Hukumar Falasɗinawa. Yankin B, kusan kashi 22, mulkin farar hula nasu, tsaro na Isra'ila. Yankin C, kusan kashi 60, duka a hannun Isra'ila, kuma a nan fili da makiyaya da kwarin Jodan suke. A da B ba a haɗe suke ba, tsibirai ne fiye da ɗari cikin C. An ce tsarin na shekara biyar ne, ga shi har yau. Bafalasɗinen da ya nemi izinin gini a C, ko ɗaya cikin goma ba ya samu, in ya gina babu izini a rushe. Ƴan kama-wuri-zauna kuwa daga kusan dubu 110 a 1993 sun kai kusan rabin miliyan, ban da fiye da dubu 200 a gabashin Ƙudus. Kotun Duniya ta Heg ta ce a Yulin 2024 mamayar haramtacciya ce, amma ra'ayi ne na shawara, ba ta da ɗan sandan da zai aiwatar.

Baba na Sabon Gari ya amsa:

Alƙaluman Malam da Hajiya ban da ja a kansu. Amma yaro, in za ka kai wannan fada, kai shi da ɗaya gefen, in ba haka ba wanda ya yi karatu zai kayar da kai.

Yahudawa ba su ɗauki kansu baƙi a wurin ba. Can addininsu ya tsiro, kuma sun yi ɗaruruwan shekaru suna zaune a Ƙudus da Halil da Safad da Ɗabariyya. A 1929 an kashe Yahudawan Halil sama da 60. Waɗanda suka zo daga baya, da yawansu sun tsere ne daga Hitila, wanda ya hallaka miliyan shida, a lokacin da ƙasashe da dama suka rufe musu ƙofa. Shugabanninsu sun karɓi rabon 1947, na Larabawa suka ƙi, rundunonin maƙwabta suka shigo a Mayun 1948. Da sojan Jodan ya kama tsohon birnin Ƙudus, an fitar da Yahudawan unguwarsu. A shekarun da suka biyo baya, Yahudawa kusan dubu 800 suka bar Iraƙi da Yaman da Masar da Maroko da sauransu, da yawa ba su fita da dukiyarsu ba. Wannan bai biya Bafalasɗinen Yafa gidansa ba, don ba shi ya kore su ba, amma shi ne amsar da za ka ji duk lokacin da aka ambaci ƙuduri 194 na komawar ƴan gudun hijira.

Sulhu ma daga gefe biyu aka sare shi. Bayahude ne ya harbe Firaministan Isra'ila Rabin a Nuwambar 1995 saboda Oslo, Hamas kuma ta riƙa tayar da bama-bamai a motocin safa. Taron sulhu na Kam Debid a Amurka a 2000 ya watse a kan Ƙudus da ƴan gudun hijira da iyaka. A 2005 Isra'ila ta kwashe matsugunai 21 da mutum kusan dubu 8 daga Gaza amma ta riƙe sama da teku, a 2007 Hamas ta karɓi zirin, aka ƙulle shi. Harin da Hamas ta kai Isra'ila ran 7 ga Oktoban 2023 ya kashe kusan mutum 1,200, aka yi garkuwa da kusan 250. Martanin ya kashe dubun-dubatar mutanen Gaza, ya rusa mafi yawan gidajenta.

Ɗan Bagalam ya sake rubutawa:

Na gode iyayena, Allah ya ƙara sani. Saura guda: in dai wanda ya rasa gida a 1948 bai da damar nema, yaya ake fitar da mutane daga gidajensu a unguwar Shaihu Jarrah ta gabashin Ƙudus da sunan tsohuwar takarda?

Hajiya ta Mokoyo ta amsa:

Dokoki biyu ne suka haɗu a kan mutum ɗaya. Iyalai 28 da aka zaunar a unguwar a 1956, bisa shirin gwamnatin Jodan da UNRWA, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƴan gudun hijirar Falasɗinu, ƴan gudun hijirar 1948 ne. Filin kuwa wasu ƙungiyoyin Yahudawa sun saye shi tun zamanin Turkawa. A 1970 Isra'ila ta yi dokar da ta ba Bayahude damar neman dukiyar da ya rasa a gabashin Ƙudus a 1948, sai aka shiga kotu da waccan takarda. Su kuma mazauna, gidajen da suka baro a yammacin Ƙudus da Yafa da Haifa suna ƙarƙashin dokar 1950 da Malam ya ambata, wadda ba ta ba su hanyar nema ba. An sha yi musu tayin su zauna a matsayin ƴan haya masu kariya, da sharaɗin biyan haya ga masu takardar. Yawancinsu sun ƙi, don a ganinsu ranar da suka biya hayar farko, ranar suka sa hannu cewa gidan ba nasu ba ne.