Wa ya taɓa ɗaukar hoton tsoffin kuɗi ya hito da kyau?

Ɗan Mokoyo:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah waɗanda sunka taɓa ɗaukar hoton tsabar kuɗin da ku zo ku ba mu labari. Shekaranjiya anka buɗe adakar kakarmu, Allah jiƙanta, sai ga gwangwanin madara cike da tsoffin kuɗi, akwai kwabo mai huji na Ingilishi mai tauraron nan, akwai tamma ta zamanin Faransa mai kan barewa an rubuta 1948, da wata babba fara mai nauyi mai hoton wata mata ƙosassa. So nike in tura ma yayana da ke Yamai ya gani amma duk hoton da na ɗauka sai ya hito fari fat kamar farin wata, ba rubutu ba komi. Tecno gare ni, ba ni da wani aparai na ɗaukar hoto.

Mai Hoto Sabon Gari:
Wa alaikumus salam ƙanena, Allah jiƙan tsohuwa. Na rantse filashi ka kunna ko? Kashe shi tukunna. Ƙarfe madubi ne, in haske ya doke shi gaba da gaba cikin idon waya yake komowa. Ni shekara da shekaru ina hoton buki da na katin shaida amma ranar da wani Alhaji ya kawo mini kuɗinshi na tarihi sai da na ji kunya, na kunna manyan fitilun shago duka biyu hoto ya hito kamar marfin kwalba. Daga baya na kashe komi na kai su bakin taga da hantsi, wurin da haske ke shigowa amma rana ba ta taɓa su ba. Rubutun kuɗi ai tudu da kwari ne, inuwa ce ke hiddo shi, to sai haske ya zo daga gefe ƙasa-ƙasa. Ka riƙa juya kuɗin a hankali kana kallon waya, za ka ga inda shekara ta tashi tsaye da kanta, nan za ka danna.

Maman Nana:
Ni abin da zan ce maka ɗana, kar ka wanke su. KAR KA WANKE. Ni na yi wannan wauta, na samu sulalla da sisi cikin kayan mamata na ga sun yi baƙi na ce bari in gyara su kahin hoto, na samu toka da lemun tsami da soson ƙarfe na dirje su tas kamar gindin tukunya. Sun yi ƙyalli kam, amma da na ɗauka sai ga zane-zane ko'ina kamar kaza ta yi tono, kuma mutumin da na nuna ma ya ce ai dattin nan da na kankare shi ne darajar. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Busasshen ƙyalle mai laushi ya isa, kuma ta baki-baki ake riƙe su don shatin yatsa yana hitowa a hoto.

Ɗalibi Ali Ɗan Sofo:
Hhhh sannu Mama. Yaya ni matsalata rawar hannu ce, da na matso kusa sai hoto ya yi dishi-dishi, ashe kuma kowace waya akwai iyakar kusancin da take iya gani, in ka wuce shi ko ka shekara ba za ta kama ba. Dabarar da na yi, na jera littattafaina na jami'a har tsawon kamar taƙi guda, na kwantar da waya a sama idonta ya leƙo ƙasa, na danne ta da wani littafin don kar ta faɗi, na ja zum sau biyu kawai ban wuce nan ba, na taɓa tsakiyar kuɗin a gilashi ta kama shi sannan na sa ta ƙirga sakan uku da kanta. Kuɗin kuma na ɗora shi bisa marfin robar ruwa, a ƙasa baƙin hijabin ƙanwata, sai ya zama kamar yana shawagi, saƙar ƙyallen ba ta hito ba. Kuma in za ka tura ta WhatsApp ka tura a matsayin dokima, wato fayil ba hoto ba, in ba haka ba matse hoton yake yi duk wahalarka ta tashi a banza.

Alhaji Na Tibiri:
Yaro, wannan babbar da ka ce, juya bayanta, akwai mikiya mai kai biyu? In akwai to Mariya Tareza ce sarauniyar Ostiriya, kuma tun ban gani ba 1780 aka rubuta. Kar ka yi tsalle ka ce ta shekara ɗari biyu da wani abu, shekarar da matar ta mutu kenan kuma an ci gaba da buga kuɗin da wannan shekarar har bayanta da nisa, fatake sun yi ta shigowa da ita ƙasar Hausa, mata na yin ado da ita maƙeran fari na narkewa. Abin da mai saye zai so gani ba fuska kaɗai ba ne. Ka ɗauki gaba, ka ɗauki baya, ka tsayar da ita ka ɗauki bakinta don akwai rubutu a zagaye, jabu nan yake tonuwa. Sannan ka kai ta wurin maƙerin fari ya ɗora a sikeli, ta gaske giram 28 take yi, ka ɗauki hoton sikelin da ita a kai. Ni an taɓa sayar mini da ta bogi a hanyar Jibiya, da hoton fuska kawai na yarda na biya, da ta zo hannu ko ƙarar azurfa babu.

Abban Hamza, unguwar Zariya a Maraɗi:
Duk sun faɗi gaskiya, ƙari kaɗan. Ni tsohuwar kyamara Canon gare ni ta hannu, kuma dare nike samun lokaci, to ba taga. Na yanke gindin farar jarka ta lita biyar na kifa bisa kuɗin na huda sama don idon kyamara, na haska tocila daga waje ta gefe guda, robar na tausasa hasken. Na koyi hannu da dala ɗari tamu ta yanzu, wato sefa 500, mai launi biyun nan da ta hito a 2003, don in zoben ya hito daidai a hoto tsakiyar sai ta ƙone da haske, in ka iya ta ka iya sauran. Kyamarar kuma bisa sanda mai ƙafa uku nike ɗora ta don kar ta motsa. Amma babban maƙiyi ƙura ce wallahi, lokacin buji kana gogewa tana sauka, a ido ba ka gani sai ka buɗe hoto ka iske kamar an barbaɗa gari bisa kifin nan na tambarin sefa. Hura da robar hura iska kahin kowane ɗauka, ban da baki, yawu na biyowa.

Ɗan Mokoyo:
Na gode ƙwarai, Allah saka da alheri. Yau da hantsi na gwada bakin taga da littattafai da marfin roba, tammar nan ta hito har gashin kunnen barewa ana gani, yayana ya ce ina na samu kyamara. Alhaji gaskiyarka mikiya ce kuma 1780 ce, gobe in sha Allah zan bi ta babbar kasuwa a auna. Mama kin cece ni don har na sa an sawo lemun tsami. Saura kwabo mai hujin, shi ya yi duhu sosai bisa baƙin ƙyalle sai ya ɓace, da na sa farar takarda kuma wayar ta ƙara duhunta shi.

Mai Hoto Sabon Gari:
Farar takardar ce ke ruɗin wayar, tana ganin haske ya yi yawa sai ta rage. Samu kwali mai ruwan toka ka ɗora shi, ka taɓa kwabon a gilashi ka ja alamar ranar nan sama kaɗan. In ya ƙiya kawo shi shago bayan la'asar.