Yarona ya rame tun da aka yaye shi, yaya zan yi da Inna?

Uwar Yaye, daga wajen Ringim:

Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Wata uku ke nan da yaye yarona, yanzu shekararsa biyu ba wata ɗaya. Kamar yadda aka saba, ɗakin Inna, mahaifiyar maigida, aka kai shi. Wallahi tana son sa kamar ranta. Amma koko ne da safe, koko da rana, da daddare a haɗa shi kwano ɗaya da yayyensa. Kafin ya kai loma biyu sun suɗe kwanon. In ya yi kuka a sayo masa biskit. Jiya ina yi masa wanka na ga gashinsa ya fara ja, rigarsa ta Sallah kuma tana yi masa yawo a jiki.

Abin da ya fi ci mini rai, muna da zabbi. Daminar nan ƙwai ake tarawa a ƙwarya, ranar Lahadi a kai kasuwar Gujungu. Na dafa masa guda ɗaya, Inna ta ce ba a ba yaro ƙwai, kwaɗayi zai koya har ya kai shi ga sata. Ni kuwa ba zan iya ja da ita ba.

Ma'aikaciyar lafiya:

Wa alaikumus salam. 'Yar uwa, kada ki jira, ki kai shi asibiti a auna damtsensa da tef ɗin nan mai kala uku. In ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani. Tun a gida ma ki danna bayan ƙafarsa da babban yatsa na daƙiƙa uku. In wurin ya lotsa bai dawo ba, yau za ki tafi.

Kokon nan tsararo rabinsa ruwa ne, cikin yaro kuwa ƙarami ne. Ki soya gero gwangwani shida, waken suya uku, gyaɗa ɗaya, a niƙa tare, ki riƙa dama masa da kauri. Ya ci sau uku ko huɗu a rana. Ga zogale a bayan ɗaki, a sa a miya. Ƙwai kuma ki ba shi, gina jiki yake yi.

Gwaggo daga Ɗambatta:

'Yata, ni ma kaka ce, jikokina tara. Kar ki tari Inna gaba da gaba, za ta ga kin raina renon da ta yi wa mijinki. Ki roƙe ta ta raka ki asibitin, ki ce hankalinki ya fi kwanciya in tana kusa. Abin da ta ji da kunnenta daga bakin malamar asibiti, ita da kanta za ta dawo tana faɗa wa matan gida. Sannan ki ware masa ɗan kwanonsa, ki zauna har ya gama.

Wani manomi:

Mu maza laifinmu ya fi yawa a nan. Ni da kaina nakan zauna teburin mai shayi a soya mini Indomie da ƙwai biyu, yara suna gida da gaya. Tsoka ɗaya in ta shigo miya, kwanona take zuwa. Sai da aka kwantar da 'yata na gane. Bara da na cire gyaɗa ban sayar duka ba, na bar rabin buhu na yara. Ki samu maigidanki da daddare ki nuna masa hannun yaron, shi ya san yadda zai yi wa mahaifiyarsa magana.

Uwar Yaye:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mun je da Inna yau, tef ya tsaya a kan ruwan ɗorawa, wato akwai tamowa amma ba mai tsanani ba, sun ce mu koma bayan sati biyu. Maigida ya ce zai auno waken suya. Ƙwan dai har yanzu ba ta ce komai ba, amma da na ɗauki biyu daga ƙwaryar tana kallo, ba ta hana ni ba.