Neman kalma: me za mu kira "aksesibiliti" da Hausa?

Ma'aikaciyar Laburare: Assalamu alaikum jama'a. Ƙoƙon bara na kawo. A ɗakin karatun da nake aiki a nan Jos an ɗora min rubuta wata 'yar sanarwa da Hausa, a kan jerin littattafan da malamai ke ba ɗalibai a kowane kwas, wanda yanzu muke sawa a intanet. So ake a gyara jerin yadda ɗalibi makaho, ko kurma, ko wanda hannunsa ba ya riƙe linzamin kwamfuta, zai yi aiki da shi ba sai ya nemi mai zama kusa da shi ba. Turawa kalma ɗaya suke rataya duk wannan a kanta, wai "aksesibiliti". Kwana uku ke nan ina juya ta. Na rubuta "samun dama", na goge. Na rubuta "sauƙin shiga", abokin aikina ya ce sai a ɗauka maganar ƙofa ake yi. Har yanzu sanarwar ba ta da kai. A taimaka.

Ɗan Farin Gada: Wa alaikumus salam. Anti, me "samun dama" ya yi miki? Ai shi muke ji a rediyo kullum, kunne ya saba da shi.

Ma'aikaciyar Laburare: Ya yi faɗi da yawa, ƙanena. Samun damar aiki, samun damar aure, samun damar zuwa Hajji. In na rubuta shi a saman shafi, ɗalibi zai zaci fom ɗin tallafin karatu ne.

Ɗan Kwamfuta: A bar ta yadda take mana. Mun karɓi intanet, mun karɓi kwamfuta, duniya ba ta tashi ba.

Uwar Biyu: Kai ma faɗe ta sau uku a jere mu ji. Aksesi... ni harshena ya harɗe tun a na farko. Gaɓa shida fa! Kalmar da za ta wahalar da mai faɗi, ita ce za a ce tana nufin sauƙaƙa wa mutane?

Mai Sanda: Salam. Wani ne ya turo min zancen, ya ce da ni ake. Ni makaho ne, kuma ku ce makaho kai tsaye, ba zagi ba ne a wurina. "Masu buƙata ta musamman" da ake yayi yanzu na san da kyakkyawar niyya aka ƙirƙiro shi, amma ni buƙatata ba ta musamman ba ce, littafin da kowa ke karantawa nake so in karanta.

Kafin ku raɗa suna, bari in nuna muku jaririn. Na yi firamare a makarantar makafi ta Gindiri, can na koyi rubutun ɗigo shida na Louis Braille. Digiri kuma a wata jiha na yi, ba zan kama sunan makarantar ba. Yanzu yawancin karatuna da kunne nake yi: akwai manhajar da ke karanto min abin da ke kan sikirin, NVDA a kwamfuta, TalkBack a waya. NVDA kyauta ce, wasu makafi biyu ne 'yan Ostireliya suka yi ta, shi ya sa ta fi JAWS yawo a hannun irinmu, don ita JAWS sai da kuɗi.

To ga yadda jerin littattafai ke kayar da ni. Malami ya ɗauki babi, ya kai shagon fotokwafi, a yi masa sikanin, a ɗora. Ku masu ido rubutu kuke gani. Manhajata hoto ta tarar, sai ta yi gum. Shafi talatin, ko harafi ɗaya babu. Wani lokaci kuma in buɗe jerin, in ce ta lissafo min mahaɗan da ke shafin, wato wuraren da ake dannawa su kai mutum wani shafi ko fayil, sai in ji "danna nan, danna nan, danna nan" har sau ashirin. Wanne ne littafin mako na uku? Allah masani. Akwai shekarar da na kwana biyu a kan wani littafi, ashe ba ya cikin na dole. Na dole an yi musu jan launi ne, ba a rubuta komai ba. Ni ina na ga ja?

Kun ga duk wannan, littafin yana nan, ba ɓata ya yi ba. Dama kuma an ba ni, tunda ina da lambar shiga kamar kowa. Shi ya sa "samun dama" bai kwanta min ba. Kuma yana da wani ƙamshi na alfarma, kamar wani babba ne ya tausaya ya buɗe min ƙofa.

Ma'aikaciyar Laburare: Malam, ka sa jikina ya yi sanyi. Jan launin nan wallahi mu ma haka namu yake. Gobe da safe zan bi in rubuta "na dole" a gefen kowanne.

Tsohon Malami, Bukuru: Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yaro, Allah ya yi maka albarka, ka ba mu amsa ba ka sani ba. 'Yata, daina neman suna a ƙamus, koma wurin aikatau. Hausa tana da wata dabara da ba kowane harshe ya samu ba. Mu ce gyara, mu ce ya gyaru, mu ce ba ya gyaruwa. Dafa, dafu, dafuwa. Tun da Parsons, wani Bature masanin harshenmu, ya kasa aikatau ɗin Hausa gida bakwai a 1960, masana ke kiran wannan giredi na bakwai, amma kakata da ba ta san Parsons ba da shi take magana. In damina ta yi nisa ka tambayi direba a tasha, zai ce maka hanyar ƙauye kaza ba ta biyuwa. Ku lura da inda maganar ta ajiye laifi. Ba wanda ya ce direba bai iya tuƙi ba, ko motarsa ta gaza. Hanya ce da laifi, ita za a gyara. Abin da yaron nan yake faɗa ke nan. Ni shawarata "biyuwa". Shafi mai biyuwa, jeri mai biyuwa.

Mai Sanda: Ranka ya daɗe, wannan ta shige ni. Shekara da shekaru ana ce min "ba za ka iya ba". Ban taɓa jin an ce "takardar ce ba ta yi ba".

Ɗan Kwamfuta: Na janye tawa. Kuma biyuwa ta dace da yadda abin yake aiki. Wanda ba ya amfani da linzami, da maɓallin Tab yake bin shafi, daga mahaɗi zuwa mahaɗi, tamkar mai taka duwatsu a rafi. Mai NVDA kuma in ya danna H sai ta tsallaka da shi kan magana na gaba. Amma fa sai in an yi wa kan maganar alama ta gaskiya a cikin shafin. In ƙara girman rubutu kawai aka yi aka baƙanta shi, ido zai ga kai ne, manhaja ba za ta sani ba, sai mutum ya saurari jerin tun daga mako na ɗaya kafin ya kai na goma. Akwai ƙa'idojin duniya a kan haka, WCAG, na W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet. Har bambancin hasken rubutu da na bango sun ƙayyade, 4.5 bisa 1 ga rubutu na yau da kullum, saboda masu raunin gani. Sun kuma ce a iya ninka girman rubutu biyu ba tare da wani abu ya ɓace ba. Rubutu toka-toka a kan fari da masu zanen shafi ke so saboda gayu, yawancinsa faɗuwa yake yi a wannan awon.

Uwar Biyu: Baba, a gafarce ni, amma ni da na ga "biyuwa" a rubuce, bashi ne ya faɗo min. Bashin da ba ya biyuwa. Ɗan Jos kuma zai ce ko Gada Biyu ake nufi.

Ɗan Farin Gada: Hajiya, ke dai kishi kike yi an taɓa miki suna.

Tsohon Malami, Bukuru: Ta yi gaskiya, kada ku yi mata dariya. A baki, in ka haɗa ta da hanya, ba mai ruɗewa. Amma a saman shafi ita kaɗai, ba hanya a gabanta ba bashi a bayanta, mai karatu zai tsaya yana canka. Kalmar da sai an yi mata tafinta ba ta gama aiki ba.

Ma'aikaciyar Laburare: To "karantuwa" fa? Tunda aikinmu karatu ne. Muna cewa rubutun likita ba ya karantuwa.

Mai Sanda: In a kan fayil ne, ba ta da na biyu, Hajiya. Ita ce tambayar da nake so kowane ma'aikacin laburare ya yi kafin ya ɗora abu: yana karantuwa? Gwajin ma ba wuya. Buɗe fayil ɗin, ki gwada zaɓar kalma ɗaya ki kwafe. In ta ƙi kwafuwa, hoto ne. Sai a bi da shi ta manhajar da ke mayar da hoto rubutu. Amma in littafin Hausa ne, kada ki yarda da ita ido rufe (ni ne ma mai wannan maganar, ku yi dariyarku). Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, suna ba ta wuya. Sai ta mayar da ƙasa kasa, ta mayar da ɓari bari, ko ta watsa wata alama da ba harafi ba. Sai mutum ya zauna ya bi layi-layi. Kuma a sa wa shafi alamar cewa Hausa ce, don in muryar Turanci ta kama karanta Hausa, ko ni da na saba sai na maimaita sau biyu.

'Yar Gangare: Ina ta karanta ku shiru. Ƙanwata kurma ce, tana aji biyu. Ita rubutu bai taɓa zama mata matsala ba. Matsalarta bidiyon lacca da ake sawa cikin jerin, mutum na ta motsa baki minti arba'in ba rubutu a ƙasa. In kun ce "karantuwa" kaɗai, za a gyara fayil a manta da ita. Ni abin da nake ji tana faɗa da hannu kullum shi ne abin bai amfane ta ba. A gidanmu in rijiya ta ƙafe ko tukunya ta tsage cewa muke yi ba ta moruwa. Me zai hana "moruwa"?

Tsohon Malami, Bukuru: Af! Yarinya ta riga mu. Gidansu ɗaya da biyuwa, laifin yana nan a kan kaya ba a kan mai amfani ba, kuma ba ta da kishiyar ma'ana da za ta ruɗa mutum. Ta ɗauki makaho, ta ɗauki kurma, ta ɗauki mai keken guragu da matakala ta tare a bakin laburare.

Ɗan Kwamfuta: Ƙorafi ɗaya. A wurin aikinmu akwai wata kalma daban ta daɗin amfani da manhaja ga kowane irin mutum, kuma moruwa ta fi kama da waccan. Shafi zai iya moruwa ga mutum tara ya bar na goma a waje.

'Yar Gangare: Sai a ƙara "ga kowa". Moruwa ga kowa. Na goman ya shigo ke nan.

Ɗan Farin Gada: Tambayar jahili. In aka mayar da littafin mutum rubutun makafi ko murya ba a tambaye shi ba, ba satar fasaha ba ce? Kada mu samo suna mai daɗi mu jefa Anti a kotu.

Tsohon Malami, Bukuru: Ba ta jahili ba ce. An yi yarjejeniya a Marrakesh ta Maroko a 2013 a kan wannan matsalar, Najeriya ta amince da ita a 2017, kuma sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta buɗe hanyar yi wa makafi da masu raunin gani kwafin da za su iya karantawa. Ba na sayarwa ba, ba kuma na rabawa duniya ba. 'Yata, ki sa lauyan makarantarku ya duba sharuɗɗan kafin ku fara. Ga kuma dokar hana nuna wariya ga masu nakasa ta 2018, wadda Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyaru, ta kuma haifar da hukumar masu nakasa da ke Abuja. Wa'adin ya wuce. Mu a Filato ma bai kamata a koya mana ba: Gindiri tun 1953 take koyar da makafi, Jami'ar Jos kuma an san ta da sashen ilimi na musamman tun ina saurayi.

Mai Sanda: Na yarda da moruwa ga kowa a saman shafi. Amma ku bar min karantuwa a kan fayil, biyuwa a kan shafi, kowacce tana da aikinta. Roƙo ɗaya da ba na kalma ba: a matsa wa malamai su kawo jerin kafin a buɗe makaranta. Gyaran babi ɗaya yana cin kwanaki, in sai mako na shida ya iso ni, jarrabawa ta riga ta ƙwanƙwasa ƙofa. Kuma wancan da ya turo min zancen ya ce wai a kira manhajata "ɗan jagora". A'a. Ɗan jagora yana gajiya, yana jin yunwa, yana da ra'ayin inda za a bi. Ita sanda ce.

Uwar Biyu: Ni da na yi niyyar cewa "makarancin allo".

Tsohon Malami, Bukuru: Sai kowa ya ɗauka almajiri ne da tawada. Ku bar wannan sai wani zaman.

Ma'aikaciyar Laburare: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na rubuta: "Moruwa ga kowa: yadda muke gyara jerin littattafan kwas". A ƙasa na sa tambayoyi ga malamai, ko fayil yana karantuwa, ko shafi yana biyuwa ba linzami, ko bidiyo yana da rubutu a ƙasa. Malam Mai Sanda, in ba damuwa zan turo maka shafin ranar Litinin ka bi shi da NVDA kafin in kai wa shugabarmu. Yaya ta Gangare, ke ma a nuna wa ƙanwarmu.

Mai Sanda: Turo. Amma kada ki turo min hotonsa.