Muhawara: sai kowane hannu ya samu tasa alamar ƙarfin sauti a takardar piyano?

Malam Bala: Salamu alaikum jama'a. Akwai wani abu da ke damuna a takardun piyano da matasa ke rubutawa da manhaja yanzu. Sai ka ga an sa mf, wato a buga da matsakaicin ƙarfi, a saman layukan hannun dama, an sa p, wato a buga a hankali, a ƙarƙashin na hagu, haka tun daga shafin farko har na ƙarshe. Ni a wurina ɓata takarda ne kawai. Ƙa'idar da muka tarar ita ce alama ɗaya a tsakiya, tsakanin jerin layukan sama da na ƙasa, ta ɗauki hannu biyu. Duk wanda ya iya piyano ya san karin waƙa ne a gaba, rakiya na biye. Ba sai an rubuta masa ba.

Hajara: Wa alaikumus salam, Malam. Mutum ya sani, to kwamfuta fa? Ita lamba kawai ta sani. A tsarin MIDI, yaren da kwamfuta da kayan kiɗan lantarki ke magana da shi, wanda ake amfani da shi tun 1983, kowane sauti yana fita da lambar ƙarfin bugu, mafi girma 127. A manhajar rubuta kiɗa ta MuseScore 3, mf na nufin 80, p kuma 49. In ka sa mf a tsakiya, hannu biyu duk 80 suka samu. Hannun dama na riƙe da sauti ɗaya tak, na hagu na danna uku ko huɗu lokaci guda, kuma tsirkiyoyin ƙasa sun fi tsawo da kauri, amonsu ya fi daɗewa kafin ya mutu. Ina karin waƙa zai fito? Nutsewa yake yi.

Malam Bala: To ai matsalar injin kika faɗa, 'yata, ba ta takarda ba. Don inji bai da kunne sai a cika wa mai bugawa ido da alamomi?

Sani: Malam, a yi haƙuri in shigo. Da yawanmu babu mai buga mana abin da muka rubuta. Abin da manhaja ta fitar shi mutane za su saurara, shi za mu tura wa mawaƙi ya koyi waƙa da shi. In rakiya ta danne karin, cewa zai yi waƙar ce ba ta da daɗi, ba zai ce manhaja ba ce.

Malam Bala: Na ji wannan. Amma ka tura masa sauti, ka bar takardar da tsabtarta.

Injiniya Kabiru: Ina ganin kuna haɗa abu biyu ne, kuma manhajojin da kansu sun raba su. A MuseScore 3 kowace alama tana da zaɓin iya inda za ta shafa: jerin layi ɗaya, ko kayan kiɗan gaba ɗaya, ko dukan kayan kiɗan da ke takardar. Da MuseScore 4 ta fito a Disamban 2022 aka nemi wannan zaɓi aka rasa, masu piyano suka yi ta ƙorafi. Sai a 4.4, a shekarar 2024, aka kawo hanyar ɗaura alama a kan murya guda, wato zaren sautuka ɗaya daga cikin waɗanda ke tafiya tare a jerin layi, ko a kan jerin layi guda. A manhajar Sibelius akwai wurin da za ka kunna ko ka kashe damar alamar da ke tsakiya ta shafi jerin da ke maƙwabtaka. A manhajar Dorico kuma, in kana cikin shigar da sautuka, ka rubuta alamar ka danna Alt da Enter maimakon Enter kaɗai, sai ta manne wa muryar da kake kai. Kuma galibinsu za ka iya ɓoye alama: inji ya ji ta, firinta kar ta fitar da ita. To Malam ya samu takardarsa mai tsabta, Sani ya samu sautinsa. Ina abin faɗa?

Hajara: Abin faɗan na nan, Injiniya. Ɓoyayyar alama tarko ce. Ka ɓoye p a hannun hagu a farkon shafi, can gaba ka sa f, wato a buga da ƙarfi, a tsakiya, ka manta da ta ɓoye. Ko dai f ɗin ta share ta, rakiya ta sake tasowa, ko kuma hagu ya ci gaba da raɗa alhali takarda na cewa a buga da ƙarfi. Ga kuma ranar da za ka tura wa wani fayil ɗin ta MusicXML, tsarin da manhajoji ke musayar takardun kiɗa da shi, ya buɗe a wata manhajar daban. Ba lallai abin da ka ɓoye ya zauna a ɓoye ba, ba lallai kuma ya shafi jerin da ka nufa ba.

Injiniya Kabiru: Shi ya sa nake ajiye kwafi biyu, ɗaya na bugawa a takarda, ɗaya na saurare.

Sani: Kwafi biyu? Ka gyara sauti ɗaya a nan, sai ka tuna ka je can ma ka gyara? A'a Yaya, ni kam ban iya ba.

Malama Asabe: Na daɗe ina karanta ku. Ina koyar da yara piyano, kuma ban yarda da Malam Bala ɗari bisa ɗari ba. Maganarsa gaskiya ce ga ƙwararre. Amma yaron da ya fara jiya, hannayensa biyu tare suke tafiya: in dama ya danna da ƙarfi, hagu ma ya danna. Raba su shi ne darasin da ya fi cin lokaci. A takardar ɗan koyo da gangan nake sa mf a sama, p a ƙasa, don idonsa ya riƙa tuna masa. In ya ƙware sai in daina. Kuma ko a kiɗan manya akwai wurin da dole a raba. Karin waƙa ya koma hannun hagu, dama na wasa da ƙananan sautuka a sama. Ko hagu na ƙara ƙarfi a hankali, dama na raguwa. Alama ɗaya a tsakiya ba za ta iya faɗar wannan ba, kuma masu buga takardun kiɗa sun daɗe suna raba ta a irin wurin, tun kafin a san kwamfuta.

Malam Bala: Wannan ban musa ba, Malama. Inda hannu biyu suka saɓa da gaske, a rubuta. Abin da na ƙi shi ne a mayar da shi al'ada a kowane layi don a lallashi inji. Mai bugawa in ya ga p a hagu ko'ina, ranar da kike nufin p na gaske ba zai ɗauke ta da muhimmanci ba.

Malama Asabe: To bari in ƙara muku wani abin. Duk kuna magana kamar jerin sama shi ne hannun dama, na ƙasa shi ne hagu. Ba kullum ba. Hannun hagu kan tsallaka ya buga a sama. Kuma sau da yawa karin waƙa da rabin rakiya duk a hannun dama suke: ƙaramin yatsa na riƙe da karin, babban yatsa da manuni na cike tsakiya. Mai bugawa yana jingina nauyin hannunsa kan ƙaramin yatsan, sauran biyun su taɓa a hankali. Duka ukun a jerin layi ɗaya suke. Alamar jerin layi ba ta da abin yi a nan.

Hajara: Ƙwarai kuwa. Ke nan murya ya kamata a bi, ba jerin layi ba. A rubuta karin a murya ta ɗaya, cikon a ta biyu, kowacce da tata alamar.

Injiniya Kabiru: Ko a bar alamomin gaba ɗaya a je kan lambar bugun kai tsaye. Ka zaɓi sautukan karin ka ɗaga musu lamba, takarda ba ta canza ba. Amma ku kula, kar wani ya je yana jan maɓallin ƙarar tasha, wato hanyar da sautin kayan kiɗa ke fitowa a manhaja, yana zaton ya raba hannu. Wannan tashar duka yake ɗagawa ko saukewa, kuma piyano yawanci a tasha ɗaya take. Sannan ƙara ba ita ce bugu ba. Tun da Bartolomeo Cristofori ya ƙera piyano a Florence wajen shekarar 1700, guduma ce ke dukan tsirkiya, kuma dukan ƙarfi yana canza kaifin sautin, ba ƙararsa kaɗai ba. Sautin da aka buga da ƙarfi aka rage masa ƙara, kunne na gane shi.

Sani: Sauti ɗaya-ɗaya zan bi ina ɗaga lamba a waƙa mai shafi shida?

Injiniya Kabiru: In ka raba muryoyin tun farko kamar yadda Hajara ta ce, ka tace murya ta ɗaya kawai ka zaɓe ta gaba ɗaya.

Malam Bala: Ku yi duk abin da za ku yi a cikin cikin injin. Takardar da za a ɗora mini a gaba dai, alama a tsakiya, sai inda hannu suka saɓa.

Malama Asabe: Ban da ta ɗalibaina.

Sani: Injiniya, gyaran lambar nan yana bin fayil in na tura ta MusicXML, ko sai na fitar da MIDI daban?