HA na VM ya isa, ko sai an yi wa rumbun bayanai kwafi na biyu?

Ɗan Birni: Assalamu alaikum. Wani asusun ajiya da lamuni ne a nan Damagaram, rumbun bayanansa PostgreSQL ne a cikin VM (kwamfutar manhaja da ke gudana cikin inji na gaske), injina uku na Proxmox (manhajar da ke tafiyar da VM), HA (tsarin tada VM a wani inji in nasa ya mutu) a kunne. Ana son a bar maganar kwafi na biyu, tunda in inji ya mutu VM zai tashi a kan wani, ko kuma a kwashe komai a kai gajimare (sabar haya ta intanet). Hakan ya wadatar?

Na Zango: Wa alaikumus salam, Malam. Bai wadatar ba. HA inji yake gadi, bai san halin da PostgreSQL ke ciki ba. In inji ya faɗi, sai sauran biyun sun tabbatar ya mutu, VM ya sake tashi, PostgreSQL ya bi WAL (kundin da yake rubuta kowane canji a ciki) ya gyara kansa. Mintuna ke nan mutane na tsaye a layi. Abin da ya fi damuna shi ne faifan: guda ne. In shafin bayanai a faifan ya lalace, ko faifan ya cika, ko wani ya goge tebur, VM zai tashi a sabon inji da ciwonsa.

Ka kafa PostgreSQL na biyu a wani inji mai faifansa daban, WAL na kwarara zuwa gare shi, tun 9.0 a 2010 akwai wannan. Tunda kuɗin mutane ne, ka sa saitin synchronous_standby_names don kada a ce ajiya ta shiga sai na biyun ya karɓa. Amma in mai jira (wato kwafin na biyu) ɗaya ne kuma ya mutu, rubutu zai tsaya cak, don haka biyu ake ajiyewa. Manhajojin Patroni da etcd a injina ukun su zaɓi shugaba cikin kwafin, kada biyu su riƙa karɓar rubutu lokaci guda.

Hajiyar Rezo: Ku ƙara da wannan: kwafi yana kwafe kuskure ma. DELETE (umarnin gogewa) na isa na biyun cikin ƙiftawar ido. Sai pgBackRest (manhajar adana kwafin da ake maido da rumbu daga gare shi) da ajiyar WAL a wani gini, a riƙa gwada maidowa kowane wata. Gobarar OVH, kamfanin hayar sabar, a Strasbourg a Maris 2021 ta cinye sabar tare da ajiyar da wasu suka bari a wuri ɗaya.

Gajimare kuma, RDS Multi-AZ na Amazon (rumbun haya mai kwafi a wata cibiya) kan juya zuwa kwafin cikin daƙiƙa 60 zuwa 120, amma shi ma kwafi ne ake biya, ba VM kaɗai ba. In waya ta yanke tsakaninmu da Yamai, rumbun na lafiya a cibiyar Amazon ta Paris, ku kuna zaune babu aiki. Sai layin intanet biyu na kamfanoni daban.

Na Zango: Gaskiya ne, Hajiya. Malam, duba kuran (wutar lantarki) ma: in injina ukun a ɗaki ɗaya suke, gurup (janareto) ɗaya, kilim (na'urar sanyaya ɗaki) ɗaya, zafin Afrilu zai kashe su tare. Ka fitar da mai jira ɗaya zuwa wani reshe, da batir da solansa.