Takardar shirin wasa ta Vuillard: yaya ake gane ta asali?

Sabon-shiga: Assalamu alaikum. Ana tallar wata takardar shirin wasan kwaikwayo, an ce zanen Vuillard ne, mai zanen nan ɗan Faransa, na 1893, irin wadda ake raba wa 'yan kallo a gidan wasan Théâtre de l'Œuvre da ke Faris. Me zan duba kafin in biya? Kuma me ya sa zane ɗaya ke da farashi biyu?

MaiTawada: Wa'alaikumussalam, ɗan'uwa. Shekarar ta yi daidai. A 1893 ɗan wasa Lugné-Poe ya kafa gidan tare da Vuillard, wanda ya zana takardar wasan Rosmersholm na marubuci Ibsen. Amma shekara ba hujja ba ce. Samu madubin ƙara girma mai ninki 10. Bugun dutse ne: ana zane da alli mai maiƙo a kan dutsen farar ƙasa, a shafe da ƙaro da ɗan asid, a jiƙa, tawada kuma ta kama inda maiƙo yake kawai. Shi ya sa za ka ga baƙin a warwatse ba tsari, kamar an barbaɗa gari. In ka ga ɗigo-ɗigo a jere reras, hoto aka ɗauka aka sake bugawa. Shafa gefe kuma. Dutse ba ya barin kwarmin da bugun farantin tagulla ke bari a takarda.

Uwar-adana: Malam ya faɗi gaskiya, sai dai akwai sabon bugu da aka sake yi a dutse, wanda madubi ba zai tona ba. Auna tsawo da faɗi, ka gwada da kundin Claude Roger-Marx na ayyukan Vuillard. Ta Rosmersholm baƙar tawada ce zalla, in ka ga launi ka janye hannunka. Masu launi su ne irin takwas ɗin da mai zane Ibels ya yi wa gidan wasan Théâtre Libre a kakar 1892 zuwa 1893, da ta mai zane Toulouse-Lautrec ta 1894. Kowane launi da dutsensa, don haka ɗan gocewar launi a gefe ba aibu ba ne.

Batun farashi, akan buga kaɗan kafin a sa sunayen 'yan wasa, galibi a takarda mai kyau, su ne masu tsada. Ni dai na fi ƙaunar wadda ke ɗauke da sunayen, ita ce ta shiga hannun mutane a daren wasa. Alamar ninki ba ta hana ta zama ta asali.

MaiTawada: In ka saya, kada salatif ya taɓa ta, ƙaronsa yana ratsa takarda ya bar tabo ruwan ƙasa. A maƙala ta daga sama da takardar Japan da kunun sitacin alkama, a kan kwali marar asid, kada ta jingina da gilashi. Danshi wajen kashi 50, haske kada ya wuce luks 50 (ma'aunin ƙarfin haske ne), domin takardar arha ta wancan zamani saurin canza launi da karyewa gare ta.